Ƙalubalantar Kimar Gida Kafin Saye a Mahangar Fiƙihu

Kimanta gida shi ne ƙiyasta kuɗin da zai yi a kasuwa a wani lokaci takamaimai. A Najeriya aikin ƙwararrun masu kimanta kadarori ne, waɗanda dokar 1975 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista, ko da yake a unguwanni da dama dillali da magini ne ke yanke adadin da baki.

Malaman fiƙihu sun raba tsakanin kima da farashi. Kima ita ce abin da masana suka ga gida ya cancanta, farashi kuwa abin da aka yi tayi a kansa har mai gida ya sallama, kuma da shi ciniki ke ƙulluwa. Adadin mai kimantawa ra'ayin masani ne da ya gina a kan faɗin fili, ingancin gini, takardar mallaka da kuɗin da aka sayar da gidajen maƙwabta. Yana iya kuskure, son rai ma yana iya shiga, musamman ga dillalin da la'adarsa ke ƙaruwa idan farashi ya hau. Saboda haka neman hujja daga gare shi ba ya cikin mummunan zaton da aka hana. Annabi (SAW) da kansa ya haramta tayin ƙarya da ake yi don a zuga mai saye.

Abin da ya sa binciken ya zama dole tun kafin a biya shi ne ƙuncin ƙofar warware ciniki a mazhabar Malikiyya. Mukhtasar na Shehu Halil ya tafi a kan cewa tsada kaɗai ba ta sa a mayar da kaya, sai dai ga wanda ya bayyana bai san kasuwa ba, ya miƙa amanarsa ga mai sayarwa. Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, ya ɗan sassauta a littafinsa Tuhfa, wanda alƙalan Arewa ke yawan komawa gare shi. Ya gindaya sharuɗɗa uku: kada shekara ta wuce, mai ƙarar ya kasance bai san kimar ba, kuma cutar ta kai sulusi ko fiye. Wanda aka ƙara wa kashi 20 cikin 100 ba shi da mafita ko a wannan ra'ayi mai sauƙi.

Aibin da aka ɓoye, kamar rufi mai yoyo da damina ko harsashin da ya zauna, hukuncinsa daban ne. Ƙarami ba a kula shi, matsakaici a rage kuɗi gwargwadonsa, babba a mayar da gida. Tsada kuwa maganinta kiran mai kimantawa na biyu wanda ba shi da rabo a cinikin, tun kafin shaidu su sa hannu.