Ni'ima da Haddinta

Tun zamanin magabata malaman tauhidi suke bahasi a kan ko sharri yana cikin zatin abu ne, ko kuwa yana aukuwa ne sa'ad da abu ya ƙetare haddin da aka yanka masa. Wanda kuwa ya yi nazarin yadda sankara take girma a jikin ɗan Adam, lalle zai sami hujja mai ƙarfi ga magana ta biyu.

Akwai wani sinadari da likitoci suke kira folet, wanda Lucy Wills ta fara gano alamarsa a Bombai a 1931 sa'ad da take neman maganin ƙarancin jinin mata masu juna biyu, aka kuma tace shi daga ganyen alayyafo a 1941. Aikinsa shi ne ɗaukar ƙwayar kabon guda ya kai ta wurin da ake harhaɗa DNA, kuma da yake babu ƙwayar halittar da za ta rabu biyu sai ta kwafe wannan rubutu nata dukkansa, shi ya sa ake bai wa mai ciki folet domin lakar tayi ta rufe daidai.

Sankara kuwa, wadda ba ta san tsayawa ba, daga wannan arziki take ci, har ta fi kowa haɗama. Da Sidney Farber na asibitin yara da ke Boston ya lura folet yana ƙara wa sankarar jini gudu, sai ya juya a 1947 ya bai wa yara masu wannan cuta aminopterin, maganin da ya yi kama da folet har yake toshe hanyar sabunta shi. Cikin yara 16, goma suka sami sauƙi na ɗan lokaci. Ɗan'uwansa methotrexate har yau ana aiki da shi, amma da yake ɓargo da fatar baki da tushen gashi su ma masu saurin rabuwa ne, majinyaci yakan ga bakinsa ya yi gyambo, gashinsa yana zuba a matashi, har sai likita ya sake mayar masa da wani nau'in folet domin ya ceci lafiyayyun ƙwayoyinsa.

Ashe abu ɗaya ne yake raya tayi, yake ciyar da cuta, yake kuma ceton majinyaci, bai sake ɗabi'arsa ba ko sau ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne miƙdari da lokaci da mai karɓa, kuma sanin waɗannan uku shi ne abin da malamai suke kira hikima, wadda Allah Yake bai wa wanda Ya so daga cikin bayinsa.