HUKUNCIN ƘARAR KUNNE DA NEMAN MAGANINTA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ji da gani, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, daga cikin lalurorin da ke damun jama'a ba tare da kowa ya gani ba akwai ƙarar kunne, watau mutum ya riƙa jin shewa, ko gunji, ko wani sauti kamar kukan gyare a cikin kunnensa, alhali babu abin da ke yin wannan ƙara a waje. Ta fi tsananta da dare idan gari ya yi tsit, har ta hana barci, ta raba mai salla da natsuwarsa. Wani babban bincike da aka buga a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 7 na manyan mutanen duniya ya san wannan lalura.

Abu na farko da ya wajaba Musulmi ya tsarkake shi ne aƙidarsa. Wasu suna ɗauka idan kunne ya yi ƙara ana ambaton mai shi ne a wani wuri, wasu kuma su ce taɓin aljanu ne ko sammu, har mutum ya fara zargin maƙwabci ko kishiya. Akwai wani hadisi da Ibnus Sunni da Ɗabarani suka ruwaito daga Abu Rafi'u a kan yin salati idan kunne ya yi ƙara, Imamu Nawawi ma ya kawo shi a cikin Azkar. Amma masana hadisi da yawa sun raunana shi, Ibnul Jauzi ya lissafa shi cikin ƙagaggun hadisai. Salati alheri ne a kowane lokaci, sai dai ba a gina aƙida a kan irin wannan ruwaya, balle a munana wa Musulmi zato saboda ita.

Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, a can cikin kunne akwai wani ɗan gurbi mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai dubban ƙwayoyi masu ƙananan gasu waɗanda ke isar da sauti zuwa ƙwaƙwalwa. Idan suka lalace ba su sāke tsirowa, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa cike gurbin sautin da ta rasa da ƙarar da babu ita. Abubuwan da suka fi jawo haka su ne tsufa, da daɗewa cikin hayaniya mai tsanani irin ta injin niƙa, da janareta, da maƙera, da lasifika. Masana sun ce zaman awa 8 kowace rana cikin ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 yana cutar da ji. Haka kuma toshewar kunne da datti, da ciwon kunne mai ruwa, da hawan jini, da wasu magunguna kamar kinin, da asfirin idan ya yi yawa, da allurar jentamaisin, duk suna iya kawo ta.

Neman magani kuwa sunna ce. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ke nuna kowace cuta tana da maganinta, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da ya nemi Harisu ɗan Kalada, mutumin Saƙifa, saboda sanin da yake da shi na magani. Wannan ya nuna ana kai cuta ne wurin wanda ya santa. Akwai kuma ruwayar da ta ɗora alhakin ɓarna a wuyan duk wanda ya yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilmin ba.

To, a nan ne maganar itatuwa ta shigo. Zuma da habbatus sauda an yabe su a cikin nassi, babu jayayya, amma babu ingantaccen nassin da ya ce a ɗiga su a kunne. Ganyen da ya fi shahara a duniya wajen wannan lalura shi ne na wata bishiyar ƙasar Sin mai suna ginko, an kuwa gwada shi a kan majinyata masu yawa, ba a sami tabbacin yana gusar da ƙarar ba. Man zaitun yana tausasa dattin kunne, saboda haka yakan taimaka idan toshewa ce sanadi, da sharaɗin dodon kunne bai huje ba, wannan kuwa ba ya sanuwa sai an haska an duba. Amma matsa ruwan tafarnuwa ko na albasa, ko zuba mai mai zafi, ko ƙwaƙula da tsinken ashana da gashin kaza, wannan ganganci ne, kada garin neman gira a rasa ido. Wanda ke shan maganin hawan jini ko na tsinka jini, ya sanar da likita kafin ya haɗa da wani saiwa ko ganye.

Akwai alamomin da ba a jinkiri da su: ƙara a kunne ɗaya tak, ko wadda ke bugawa tare da bugun zuciya, ko mai zuwa da jiri, ko kuma ji ya ɗauke farat ɗaya. Mai irin wannan ya garzaya wurin likitan kunne a cikin kwanakin farko. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, asibitocin koyarwa ma suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro.

Wanda tasa ta zama zaunanniya, kada ya yanke ƙauna. Na'urar ƙara ji tana rage ta ga wanda jinsa ya raunana. Sauti mai taushi da dare, kamar na fanka ko karatun Alƙur'ani da murya ƙasa-ƙasa, yana sa ƙwaƙwalwa ta daina bibiyar ta. An kuma tabbatar da cewa tsoro da damuwa suna ƙara mata nauyi, kwanciyar hankali kuwa tana sauƙaƙa ta. Mumini yana da babban rabo a nan, domin ya san duk wata wahala da ta same shi, har sukar ƙaya, kankarar zunubi ce idan ya yi haƙuri.

Saura nasiha ga masu riƙe da lasifika a masallatai da wuraren wa'azi da bukukuwa. Suratul Isra'i, aya ta 36, ta ambaci ji cikin abubuwan da za a yi tambaya a kansu, Luƙmanu kuma ya hori ɗansa da sassauta murya. A wata tafiya da sahabbai suka ɗaga murya da kabbara, Manzon Allah ya umarce su da su sauƙaƙa wa kansu, domin Wanda suke kira Mai ji ne, Makusanci. Duk wanda ya ƙure lasifika a kan yara da tsofaffin sahun gaba, ya ji tsoron ranar da za a tambaye shi kunnuwan da ya lalata. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya bai wa marasa lafiya sauƙi, Ya sa ciwo ya zama kaffara, Ya amfanar da Musulmi da jinsu da ganinsu har ƙarshen rayuwarsu, amin.