Magani ma yana da awonsa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da cuta da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, muna so mu ja hankalinku ga wata al'ada da ke yawaita cikin azumi. Mutum ya cika ciki wajen buɗa baki, ƙwannafi ya taso masa, sai ya aiki yaro wurin mai tallan magani a sayo fararen ƙwayoyin nan da ake taunawa. Ya tauna biyu, ya ƙara biyu, da sahur ya ƙara, wani ma ya bi da jiƙon kanwa bisa furar da ya dama da nono. In an yi masa magana ya ce ai alli ne kawai.

To, allin nan shi ne abin tsoro. Da yawa cikin waɗannan ƙwayoyi kalsiyom ne, sinadarin da ke gina ƙashi. Baligi yana bukatar kamar miligiram 1000 a yini, a haɗe da wanda ke cikin abincinsa. Likitoci sun hana a wuce 2500, wanda ya haura shekara 50 kuwa 2000. In ya yi yawa tare da abin da ke kashe tsamin ciki, sai ya taru cikin jini, ƙoda ta kasa fitar da shi. A 1915 wani likitan Amurka mai suna Sippy ya fito da maganin gyambon ciki da madara da garin kashe tsami. A 1923 aka bayyana cewa haɗin yana cutar da ƙodar wasu masu shansa.

Ga inda tarkon yake: alamun farko su ne tashin zuciya, ciwon ciki, taurin bayan gida, ƙishirwa da yawan fitsari. Mai shi sai ya zaci tsohon ciwonsa ne ya motsa, ya ƙara ƙwaya. Mai azumi kuwa, da ya wuni cikin zafin rana ba ruwa, ƙodarsa ta riga ta jigata. Daga nan sai ruɗewar hankali, musamman ga tsofaffi, iyali su ce iska ce, a nufi mai ruƙiyya alhali asibiti ya kamata.

Neman magani sunna ne, amma Allah Ya hana ɓarna cikin ci da sha a Suratul A'arafi, kuma jikin nan amana ne da za a tambaye mu. Wanda ya wuce awon da likita ya yanka masa ya cuci kansa da hannunsa.

Mai ciki da ungozoma ta rubuta wa kalsiyom ta ci gaba da sha yadda aka ce mata. Wanda ƙwannafinsa ya wuce mako biyu ya je a duba shi, domin galibin gyambon ciki ƙwayar cuta ke kawo shi, kuma ana warkewa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.