Amanar Yaron da Ba Ya Iya Faɗin Ciwonsa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, akwai wata jarrabawa da take cikin gidaje da yawa, amma ba a cika zancenta a ƙofar masallaci ba. Yaro ya kai shekara huɗu ko biyar ba ya magana, ba ya duban idon mahaifiyarsa, a kira sunansa ba ya waiwayowa, wani ma yana buga kansa da bango. Wani kuwa ya taso lafiya lau, kafin ya balaga sai ya fara jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi. A ƙasashen da ilimin likita ya yi nisa, akan ɗauki likitan da ya gama karatu a ƙara masa shekaru yana koyon bincike a kan irin waɗannan yara. To, shin ya halatta a yi bincike a kan wanda ba zai iya cewa ya yarda ko bai yarda ba?

Mu fara da duba amfanin abin. A shekarar 1943 wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya bayyana halin yara 11 masu ciwon da ake kira otizim, wanda wasu Hausawa ke ce wa galahanga. Daga baya wasu masana suka ɗora laifin a kan iyaye mata, wai rashin nuna ƙauna ne ya jawo shi. Shekaru masu yawa uwaye suna ɗauke da wannan zargi bisa ga nauyin jinya. A 1977 wata matashiyar likita, Susan Folstein, wadda take koyon bincike a Ingila ƙarƙashin Michael Rutter, ta bi gidaje 21 masu tagwaye inda aƙalla ɗaya yake da ciwon. Cikin tagwaye 11 da suka fito daga ƙwai ɗaya, an sami 4 da dukansu biyu suke da shi. Cikin 10 da ba haka ba, ba a sami ko ɗaya ba. Wannan ya nuna gado yana da babban rabo a ciki, kuma ya taimaka wajen wanke uwaye daga ƙazafi. Mu ma a nan mun san uwar da ake cewa ita ta fita da almuru tana da ciki, shi ya sa aka musanya mata ɗa. Ilimin da yake ɗauke zalunci daga kan mace irin wannan, lalle alheri ne. Kiyaye hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin karewa, kuma Imamu Gazali ya lissafa ilimin likita cikin farillan kifaya.

Sai dai kuma akwai ɗaya gefen. A wata makaranta mai suna Willowbrook a jihar New York, inda ake ajiye yara masu raunin hankali, tun daga 1956 har zuwa farkon shekarun 1970, likitoci sun riƙa sa wa yara ƙwayar ciwon hanta da gangan domin su ga yadda yake tafiya. Iyaye sun sa hannu, amma an gaya wa wasunsu cewa babu gurbi sai a ɗakin gwajin. Yardar wanda aka matsa wa lamba ba yarda ba ce. Waɗannan likitoci ba ilimi suka rasa ba. Sun ɗauki yaron a matsayin hanya zuwa ga ilimi, alhali shi ne abin da ilimin ya kamata ya yi wa hidima.

Saboda haka amsarmu ita ce: binciken ya halatta, har ma barinsa gaba ɗaya sakaci ne a kan al'umma, amma da sharuɗɗa. A fiƙihu, waliyyi ba ya taɓa dukiyar maraya sai da abin da yake maslaha gare shi. Jikin yaro da hankalinsa kuwa sun fi dukiyarsa tsada. Dole a yi wa waliyyi bayani da harshen da yake ji, ya san yana iya janyewa ba tare da an hana ɗansa magani ba. Idan yaron ya nuna ƙi, ko da kuka ne, a saurare shi. A rufa asirin gidan. A faɗi sakamako yadda yake, ko da ya saɓa wa abin da mai binciken ya yi fata. Ƙungiyar likitocin duniya ta tsara ƙa'idodi makamantan waɗannan a Helsinki a 1964, a 1975 kuma ta ƙara cewa wani kwamiti mai zaman kansa ya duba kowane bincike kafin a fara. Ashe horon mai bincike bai tsaya ga lissafi da awo ba. Darasinsa na farko amana ce, kuma ana koyonta ne ta zama gaban malami mai gaskiya, kamar yadda muke koyon ladabi a zaure kafin karatu.

Mu kuma namu rabon, ya ku ƴan'uwa, kada mu ɗaure yaro da igiya ko mu kulle shi a ƙuryar ɗaki don kunyar mutane. Mu haɗa addu'a da zuwa asibiti. Otizim ba shi da maganin da yake warkar da shi, amma horo tun da wuri yana taimakon yara da yawa wajen magana da zama da jama'a. Wanda kuma Allah Ya ba ɗa ko ɗiya mai karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, idan ya nuna sha'awar wannan fanni, kada a ce masa likitan mahaukata. A sa masa albarka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba iyayensu haƙuri da lada. Amin.