Maganar Zaure da Maganar Cikin Gida

Harshen Hausa da kansa ya raba namiji da mace tun daga gaisuwa. Namiji a kan ce masa "kai", mace a ce mata "ke". A ce "ka zo", a ce "ki zo". Wannan rabo mai sauƙi ne, yaro ɗan shekara uku ya san shi. Amma akwai wani rabo da ya fi shi zurfi, wanda dattijo kan yi furfura bai gane shi ba, watau bambancin yadda maza da mata su ke faɗin abin da ke ransu. Rashin gane shi ya kashe aure da yawa, ya kai asirin gidaje gaban alƙali. Sabo da haka ya kamata a tambaya: ina mafarin bambancin nan, kuma in an kasa fahimtar juna, nauyin gyara a kan wa ya ke?

Maza kan ce bambancin duka shi ne mata sun cika surutu. A shekarar 2007 waɗansu masana a Amurka suka gwada zancen nan. Suka rataya wa ɗalibai 396, maza da mata, 'yar na'urar ɗaukar magana, suka ƙidaya. Sai aka ga ko wane ɓangare yana furta kalmomi wajen 16,000 a rana, kuma wanda ya fi kowa surutu a cikinsu namiji ne, wanda ya fi kowa shiru ma namiji ne. An sake ƙidaya daga baya, aka ga a tsakiyar shekarun rayuwa mata sun ɗan fi. Duk da haka tazarar da ke tsakanin mai surutu da mai kawaici ta fi wadda ke tsakanin namiji da mace nisa. Wanda ya wuni yana gardama a gindin bishiya, ya ƙarasa a teburin mai shayi, ba shi da bakin zargin kowa da yawan magana.

To, in ba a yawa ba ne, ina bambancin ya ke? Yana cikin hanyar da magana ke bi, ita kuwa hanyar tun ƙuruciya a ke share ta. Yaro namiji da ya yi wayo sai ya fita zaure, ya bi ubansa gona da kasuwa. Can ya ke koyon ciniki da musu da faɗin magana gaban shaidu. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka" ko ya ce "na sallama", shi ke nan zance ya yanke. Yarinya kuwa kunya a ke fara koya mata. In ta yi aure ba ta faɗin sunan mijinta, sai ta ce Malam ko maigida; ba ta faɗin sunan ɗanta na fari; gaban surukai sai sunkuyar da kai. Ruwan da aka tare masa hanya ba ya tsayawa, wata hanya ya ke nema. Haka maganar mata ta bi ta habaici, da karin magana, da waƙar niƙa, da shiru.

Ga misali. Salla ta matso, mace ta ce wa mijinta, "Malam, na ga an kawo wa matan maƙwabta ɗinki." Shi ya ji labari, ya ce madalla, ya ci tuwonsa. Ita kuwa buƙata ta faɗa, ta ga an yi watsi da ita. Wata rana shi ya dawo, bashi ya sha masa kai, ta ce, "Maigida, lafiya?" Ya ce, "Ba kome." A wurinsa rufin asiri ya yi, gama an koya masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A wurinta kuwa ƙofa aka rufe mata, sai ta kwana tana tuhumar kanta ko kishiya. Ko wannensu ya yi magana, ba wanda aka ji.

Kada mai karatu ya zaci kewaye-kewaye halittar mata ce. A dubi wannan maigida mai tsawa a gidansa ran da ya gurfana gaban hakimi ko ubangidansa yana neman alfarma. Zai fara da "ranka ya daɗe", ya yi zancen damina, ya yabi doki, kafin ya taɓa gefen abin da ya kawo shi. A dubi kuma tsohuwa mai sayar da daddawa, ko uwargida tana rabon aiki tsakanin 'ya'yanta: maganarsu a miƙe ta ke kamar sanda. Ashe kewaye harshen wanda ke tsoron abin da magana za ta jawo masa ne, ko namiji ko mace.

Ko wace hanya da aibinta. Habaici ba ya warkar da ciwo, domin mai yin sa yana iya cewa ba da kowa ya ke ba, wanda aka yi dominsa kuwa ba shi da inda zai kama ya ba da amsa. Sai gaba ta yi ta ruruwa a ɓoye. Maganar da ta fito a miƙe kuma zarar bunu ce. Namiji na iya rushe gidan shekara ashirin da kalma guda cikin fushi. Tun da dai ikon yanke magana ya fi yawa a hannunsa, nauyin saurare ma a kansa ya fi yawa. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Addini bai bar wannan al'amari ba. Sura ta 58 a Alƙur'ani, Suratul Mujadala, ta sauka ne a kan Haulatu 'yar Sa'alabatu, wadda mijinta Ausu ɗan Samitu ya yi mata zihari, watau ya kamanta ta da uwarsa don ya haramta wa kansa ita. Ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi ta maimaita kukanta, har wahayi ya sauka da labarin Allah ya ji ta, aka ɗora wa mijin kaffara. A Hudaibiyya kuma, shekara ta 6 bayan Hijira, da baƙin cikin sharuɗɗan sulhu ya hana Sahabbai tashi su yi yanka da aski, Ummu Salama ce ta ba da shawara Annabi ya fita, kada ya ce wa kowa kome, ya yi nasa. Da suka gani, sai duk suka tashi. Mace ce ta karanta shirun maza, ta san maganinsa. A ƙasar nan ma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma naɗa jajoji, watau mata masu jagorancin 'Yan Taru, suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Kunya ba ta hana ta faɗin gaskiya a sarari ba.

Abin da ya wajaba ga namiji shi ne ya koyi harshen gidansa kamar yadda ya koyi na kasuwa. In ya ji habaici ya tambayi ma'anarsa cikin sanyin murya, kada ya ɗauki ko wane shiru a kan yarda, kuma ya riƙa buɗe wa matarsa wani abu daga damuwarsa. Mace kuma, in ta sami kunnen da zai ji, ta faɗi buƙatarta da sunanta, ko ta aiki dattijuwar da za ta faɗa. Harshe da haƙori ma su kan saɓa, amma baki ɗaya su ke kwana. Allah ya ba gidaje zaman lafiya, amin.