Ɓeran Gwaji Yana da Haƙƙi a Kanmu?

Damina ta kankama, kuma mu mazauna Kurmi mun san abin da take zuwa da shi: kwata ta cika, sauro ya samu gari, iyaye na layi a kemis. To, maganin zazzaɓin da muke saya ɗin nan, kafin ya iso hannunmu sai da ya bi ta jikin ɓera. Ya halatta a ɗauki dabba mai lafiya a saka mata cuta da gangan?

A 1948 wasu masu bincike 'yan Beljiyam suka gano wata ƙwayar maleriya a jikin ɓerayen daji a Katanga ta ƙasar Kongo, wadda ba ta kama mutum. A 1967 wata likita a Amurka, Ruth Nussenzweig, ta ciro ƙwayar daga jikin sauro, ta raunana ta da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ta yi wa ɓeraye allurarta. Ba su yi ciwo ba, amma garkuwar jikinsu ta shaida abokiyar gaba. Da aka dawo aka saka musu mai ƙarfin, da yawansu ba su kamu ba. Wannan ne ya buɗe hanyar rigakafin maleriya, irin wanda Najeriya ta fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Haka Tu Youyou ta ƙasar Sin, a jikin ɓeraye ta tabbatar da ƙarfin tazargade a 1971, a samfuri na 191 da suka gwada.

Amma akwai wanda ya biya kuɗin. Wani jinsin ɓeran, baƙi, in an saka masa ƙwayar sai ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya yi ta jijjiga, cikin kamar mako guda ya mutu. Abin mamaki, garkuwar jikinsa ce ke wuce gona da iri har ta lalata jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar. Ana kallo, ana rubutawa, domin a fahimci abin da ke sa yaro suma in zazzaɓi ya hau masa kai.

Wani zai ce, ai ɓera fasiƙi ne, ko a Harami an yarda a kashe shi. Gaskiya ne. Sai dai izinin kisa daban, izinin azabtarwa daban. Duk mun ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Mahautanmu kuwa sun san ko ragon da ya halatta a yanka, sai an wasa wuƙa tukuna.

Fatawa ta malamai ce. Mu a namu ganin, ran yaro ya fi na ɓera nauyi, kuma larura ce ta buɗe wannan ƙofa. Ita larura kuwa gwargwadonta ake ɗauka. Su kansu masanan, tun 1959 wasu Turawan Ingila biyu, Russell da Burch, suka ce in akwai hanyar da ba dabba a bi ta, in babu a rage yawansu, a kuma sassauta musu wahala. Wanda ya kashe ɓera ɗari inda ashirin sun isa, don kawai ya samu takardar digiri, ba mu ga larurar da zai fake da ita ba.

Kafin mu nuna wa likitoci yatsa, mu leƙa shagunanmu. Ɓera na ɓarna a buhun wake da shinkafa, yana kuma kawo zazzaɓin Lassa, babu mai cewa a bar shi. Amma allon gam ɗin nan da muke ɗanawa fa? Ya maƙale tun daren Asabar, yana tsuwa, yana fizgar jiki har fata ta saɓule, mai shago kuma sai Litinin zai buɗe ƙofa, ya ɗauki allon da ɓeran da ransa ya wurga a bola.