Karce ko Zube?

Ranar da 'yan bindiga suka sa barin Unguwar Lalle ya zama dole, abin da Inna ta ɗauko zuwa Sakkwato bai wuce kaya kala biyu da wani gwangwanin biskit ba. A cikin gwangwanin akwai nagatif na hotunan da wani mai hoto daga Sabon Birni ya yi wa gidanmu tun kafin a haife ni. Hotunan takardar gara ta cinye su. Fim ɗin ne ya rage, da ƙura da karce-karce a jikinsa.

Na yi makonni ina auna wace sikana zan saya. Plustek OpticFilm 8200i ta fi kaifin hoto, amma ƙaramin fim na milimita 35 kaɗai take ɗauka, namu kuwa yawancinsa babba ne, irin wanda ake kira 120. Wannan ya yanke hukunci: na sayi Epson V600 ta hannu daga Kano. Abin da ya ƙara ja na gare ta shi ne Digital ICE, dabarar da ke haska fim da hasken infirared, wanda ido ba ya gani. Rinin fim mai kala yana barin wannan haske ya wuce, ƙura da karce kuwa su tare shi, sai na'ura ta gane inda lahani yake ta cike gurbin. Sai da ta iso na tuna cewa fim baƙi da fari azurfa ce ke riƙe hotonsa, azurfa kuma tana tare infirared. A idon na'urar, hoton gaba ɗaya ƙura ne.

Hoton da ya hana ni barci na kakana ne, yana zaune a ƙofar zaure da rawani. Bayansa duhu. A nagatif, duhu shi ne wurin da fim ya fi zama garau, domin haske kaɗan ne ya taɓa shi. Da na ɗaga hasken wannan sashe a kwamfuta, sai fuskar wata mata ta fito daga cikin zauren, tana leƙe. Tare da ita duk wata ƙura ta taso fari fat, kamar an watsa gero a kan baƙin zane.

Sai na koma ga manhajar gogewa, wadda ba ta da infirared, zato kawai take yi. Aikina ke nan, na san yadda irinta ke tunani: duk siririn layin da ya bambanta da abin da ke kewaye da shi fiye da wani ma'auni, lahani ne. Na danna. Hoto ya yi tas. Na kai wa Inna wayata ina jin daɗi.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wagga ba tamu ta ba."

Na nuna mata na farkon, mai ƙura. Nan take ta ce, "Goggo ta! Ga zubenta nan. Mi kai mata?"

Manhajar ta goge zuben Gobirawa da ke kumatunta, layukan da wanzami ya ja tana jaririya, domin a lissafi ba su da bambanci da karcen da gwangwani ya yi wa fim. Dukansu yanka ne. Ɗaya ɓarna ce, ɗaya kuma shi ne ke faɗa wa mutumin Tsibiri ko na Isa ko 'yar wane gida ce. Wanda ya rubuta manhajar bai yi mugunta ba. Bai taɓa tunanin fuskar da layi ke cikin kyanta ba. Ni da na san haka, ni na danna ba tare da na duba ba, don tsabta ta burge ni. Har yanzu wannan ya fi damuna fiye da kuskuren na'urar. Sau nawa na sa ma'auni a aikina, na kira abin da ya faɗo waje shara, ban je na ga ko wane ne ba?

Na ce to, zan bar ƙurar, in bi ta da hannu ɗigo-ɗigo. Sai Inna ta ƙara wata magana da ban shirya mata ba. Goggo matar kulle ce, kuma ba ta taɓa yarda a ɗauke ta hoto ba. Duhun zauren nan ita ta zaɓe shi. Na so in ce ai ta rasu, jikokinta kuma ba su san fuskarta ba, gidan ma ba mu san ranar komawa cikinsa ba. Hujja ce mai ƙarfi, na yarda da ita. Amma hujjar masu rai ce, ita kuwa ba ta nan balle ta ja mayafi.

Yanzu fayil biyu ne a kwamfutata. Wanda na tura wa dangi a WhatsApp, kakana ne da duhu a bayansa, yadda mai hoton ya wanke shi. Ɗayan, mai zube da ƙura, Inna ta ce in sa mata a wayarta. Jiya na same ta ta buɗe shi da yatsu biyu, ta matso da kumatun kusa, tana ƙirga layukan.